Idan Tsakiyar Allo Ta Ƙone

Mai karatu, in dai kai ma'abocin kallon finafinai ne, na Indiya ko namu na gida, to ba sai na tsaya yi maka dogon bayani a kan wannan fitowar ba, domin ka sha ganin ta. Ga yarinya zaune a bakin gadon asibiti, an naɗe mata idanu da bandeji. Ga likita cikin farar riga yana warware shi a hankali kamar mai warware rawani. Uwa ta ɗaga hannuwa sama, uba ya dafe ƙirji, kiɗa yana ta tashi. Sai kyamara ta zama idon yarinyar: da farko dishi-dishi, can sai hoto ya washe tar, ta ƙwalla ƙara, "Ina gani! Wallahi ina gani!" Shi ke nan, an gama da makanta cikin minti biyu, sai a shiga waƙa.

Dabarar tsohuwa ce. Tun a 1931 Charlie Chaplin ya gina fim ɗinsa City Lights a kan wata makauniya mai sayar da furanni, wadda ya sha baƙar wuya kafin ya samo mata kuɗin magani, ta warke. A cikin Fanaa na 2006 ma haka aka yi wa Kajol, aiki ɗaya aka yi mata ido ya buɗe. A namu finafinan da littattafan soyayya kuwa ai ba a magana. Da marubuci ya rasa yadda zai raba masoya sai ya makantar da ɗaya, in ya tashi haɗa su sai ya tura shi Indiya ko Misira a yi masa aiki, ya dawo garau.

A wannan watan ban zo maka da sharhin sabon fim ba. Na zo ne da wata magana da ta taso a cikin danginmu, wadda saura ƙiris ta sa a sayar da gonar gado, kuma na tabbata wannan fitowar ta bandeji tana cikin abubuwan da suka ingiza mu. Ni ba likita ba ne, difloma ce da ni a aikin jarida, sai kuma kallon fim da ya zame mini sana'a. Amma abin da na karanta, da abin da likitan ido ya zauna ya warware mana, ina ganin bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon ofareta ne a gidan silima. Ya yi aikin tun cikin shekarun 1970 har zuwa lokacin da bidiyo ta shigo gidaje, silimu suka soma mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya koya mini kallon fim. Ina ƙarami zai zaunar da ni gaban talabijin ya ce, "Kai yaro, daina bin labari kawai, dubi inda suka ajiye kyamara." Yau shekarunsa sun haura saba'in. Shekara uku da suka wuce ganinsa ya soma raguwa, aka je asibiti aka ce yana ce, aka yi masa aiki a ido ɗaya, bayan wasu watanni aka yi a ɗayan. Aiki ya yi kyau. Haske ya dawo, launuka suka dawo, har yana tsokanar matarsa cewa ashe labulen ɗakinta shuɗi ne. Amma wani abu bai dawo ba. Duk abin da ya kafa wa ido, shi ne ba ya gani. Zai ga hularka da kafaɗunka da bangon da ke bayanka, fuskarka kuwa babu.

Da na tambaye shi yadda abin yake, da harshen sana'arsa ya ba ni amsa. Ya ce, "Ka san in fim ya maƙale a cikin injin, wutar nan mai zafi takan ci shi daga tsakiya, 'yan kallo su ga rami yana buɗewa a allo, su hau ihu suna zagin ofareta? To haka nawa idon yake. Gefe-gefen yana nan, tsakiyar ce ta ƙone. Bambancin kawai, wancan nakan yanke in liƙa a ci gaba."

Likita ya duba bayan idon da wata na'ura mai ɗaukar hoton ciki, ya ce yanar ce ta ɓoye wata cutar da ke bayanta, yanzu da aka kawar da ita sai ta fito fili. Ga yadda abin yake. A can ƙuryar ido akwai wani tantani da haske ke sauka a kansa, kamar dai farin allon silima, sunansa ratina. A tsakiyar wannan tantanin akwai wani ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita biyar da rabi ba, ana kiran sa makula. Da wannan ɗan wurin kake karanta shafin nan, da shi kake gane fuskar mahaifiyarka, da shi tela ke zura zare a allura. Sauran ratinar aikinta ganin gefe ne, wanda ke hana ka yin karo da kujera. Idan makula ta lalace saboda tsufa, mutum ba ya shiga duhu gaba ɗaya, amma karatu da gane fuska sun tafi. Wani nazari da aka buga a 2014 ya ƙiyasta cewa masu wannan cuta a duniya za su kai miliyan 196 a 2020, su kai miliyan 288 a 2040. Ta fi yawa a tsakanin Turawa, amma ba ta bar kowa ba.

Iri biyu ce. Akwai busasshiya, wadda ita ce mafi yawa, tana cin makula sannu a hankali cikin shekaru. Akwai jiƙaƙƙiya, inda wasu sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari ke tsirowa a ƙarƙashin makula suna yoyo, ita kuwa cikin makonni za ta iya yin ɓarna. Jiƙaƙƙiyar tana da magani, allura ce da ake yi a cikin idon kansa lokaci-lokaci, irin su Lucentis da aka amince da ita a Amurka a 2006, da Eylea a 2011, da Avastin da likitoci da yawa ke amfani da ita saboda sauƙin kuɗi. Busasshiyar kuwa sai a 2023 aka amince da wasu allurai biyu a Amurka, su ma rage mata gudu kawai suke yi, ba sa dawo da abin da ya riga ya tafi. Ta Kawu busasshiya ce, kuma ta yi nisa a idanu biyu.

Muna nan a haka, sai ran nan wani ya jefo wani ɗan bidiyo a zauren danginmu na WhatsApp. Ga wata tsohuwar Baturiya tana kuka tana rungumar jikokinta, ga rubutu yana cewa an dasa mata madubin hangen nesa a cikin ido, yanzu tana ganin fuskokinsu. Har da kiɗa mai taushi, sak irin na fitowar bandeji. Kafin la'asar zauren ya ɗauki zafi. Babban ɗan Kawu ya ce ko nawa ne a yi, ga gonar da kakanmu ya bari a sayar. Wani ya ce ya san mai haɗa mutane da asibitocin waje. Mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Kai da kake rubutu a mujalla, ka bincika mana kafin a yi abin da za a zo ana da-na-sani."

To ga abin da na samo, mai karatu. Da farko dai na'urar gaskiya ce, ba ƙaryar intanet ba ce. Wani likitan ido ɗan Isra'ila, Dakta Isaac Lipshitz, shi ya ƙirƙiro ta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a watan Yuli na 2010 ga masu shekara 75 zuwa sama, a 2014 ta sauko da shekarun zuwa 65. Tsawonta milimita 4.4, kaurinta milimita 3.6, wato ba ta kai ƙwayar wake ba. Ana cire gilashin halitta da ke cikin ido, wanda shi ne yana ke kamawa, a sa ta a gurbinsa. Tana ƙara girman abin da ake kallo kusan ninki uku: akwai mai ninki 2.2, akwai mai 2.7. Kamfanin da ke yin ta ya koma suna Samsara Vision a 2020, kuma ya fito da sabon samfuri mai shiga ta ƙaramar tsaga, wanda aka amince da shi a Turai a 2020 ɗin.

Yadda take aiki, duk wanda ya san kyamara zai gane nan take. Ka ɗauka akwai ƙonannen wuri a tsakiyar allon silima, girman faifan tuwo. Idan darakta ya ɗauko jarumi daga nesa, kansa gaba ɗaya zai faɗa cikin ƙonannen wurin, ba za ka san ko wane ne ba. Idan kuwa ya matso da kyamara fuskar ta cika allo, ƙunar za ta rufe hanci ne kawai, ga idanu, ga baki, ga gemu, ka gane mutuminka. Iyakar abin da madubin ke yi ke nan. Yana faɗaɗa hoton ya malala zuwa sassan ratina masu lafiya. Ƙunar tana nan inda take, ko kusa bai taɓa ta ba. Da na yi wa Kawu wannan bayanin sai ya yi dariya ya ce, "Ashe zum za su sa mini."

Kuma tana taimakawa. A babban gwajin da aka yi a Amurka kafin a amince da ita, an dasa wa mutum fiye da 200. Bayan shekara ɗaya, kashi 67 cikin 100 na idanun da aka yi wa dashen sun ƙara layi uku ko fiye a allon gwajin nan na haruffa da ake rataye wa a asibitin ido, alhali a ɗaya idon da ba a taɓa ba kashi 13 ne kawai suka samu haka. Layi uku ba wasa ba ne ga wanda ya shekara biyar bai ga fuskar jikansa ba. Amma ka lura, wanda ake yi wa aikin dama ganinsa ya yi ƙasa ƙwarai, saboda haka ko ya ƙara layi uku, bai dawo kamar ni da kai ba. Ba zai koma tuƙin mota ba.

Sai kuma abin da bidiyon bai nuna ba. Ido ɗaya kawai ake yi wa dashen. Dalili, duk mai ɗaukar hoto ya san in ka ja zum, gefe ya tafi. Idon da ke da madubin ba ya ganin abin da ya wuce faɗin digiri 20 zuwa 24, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Don haka ake barin ɗaya idon ya riƙa ganin gefe, saboda tafiya da hawa matakala. Ka ga ke nan mutum zai tashi da ido biyu masu nuna masa hoto iri biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami, kamar kyamara biyu a wurin ɗaukar fim, kuma ƙwaƙwalwarsa ce editan da za ta koyi yanka daga wannan zuwa wancan. Wannan koyon yana cin makonni, wani lokaci watanni, tare da ƙwararren mai horarwa. Dattijon da ya je wata ƙasa aka yi masa aiki, ya yi sati biyu ya hawo jirgi ya dawo gida babu mai horar da shi, an ba shi kyamara ne ba a koya masa riƙe ta ba.

Akwai haɗari kuma. Tagar gaban ido, wannan garai-garai ɗin da ke rufe baƙin ido, tana da wasu ƙwayoyin halitta a bayanta masu tsotse ruwa don ta zauna tas. Waɗannan ƙwayoyin in sun mutu ba sa sake tsirowa. A wancan gwajin, cikin shekara ɗaya idon da aka yi wa aiki ya rasa kimanin kashi 25 cikin 100 nasu, yawanci sanadiyyar tiyatar kanta, don tsohon samfurin sai an yi babbar tsaga kafin ya shiga. In suka ragu da yawa tagar takan kumbura ta yi hazo, har ta kai ga sai an yi dashen wata. Shi ya sa ake ƙirga su kafin a taɓa mutum. Batun kuɗi kuwa, lokacin da na'urar ta fito a 2010, ita kaɗai ta kai kimanin dala 15,000, ban da tiyata, ban da horo. Ka buga wannan da canjin yau, ka ɗora kuɗin jirgi da masauki na mutum biyu, ka ga ko gona ɗaya za ta isa.

Abin da ya kashe maganar a gidanmu shi ne sharuɗɗan. Sai cutar ta kai ƙarshe a idanu biyu kuma ta tsaya, ba mai yoyo ba. Sai an gwada mutum da madubin hannu na waje an ga ya ƙaru da shi. Sai ɗaya idon yana da ganin gefe mai kyau. Sannan sharaɗin da aka gindaya a Amurka tun farko ya ce idon da za a yi wa dashen ya zama yana da yana, kuma ba a taɓa yi masa aikin yanar ba, tunda gurbin gilashin halitta na'urar ke zama. Kawu kuwa an riga an yi masa a duka biyun, an sa masa gilashin roba. Da an sayar da gonar, da an kai shi can ne kawai a gaya masa abin da likitan gida ya gaya mana a zama ɗaya.

Ban tsaya nan ba, na tambayi likitan ko akwai wani abu ga irin su Kawu. Ya ce akwai wani gilashin da wani likita mai aiki a Jamus, Gábor Scharioth, ya ƙirƙiro, wani kamfanin ƙasar Hangare ke yin sa. Shi ana ɗora shi ne a gaban gilashin robar da aka riga aka sa. A tsakiyarsa akwai ɗan ɗigo mai faɗin milimita ɗaya da rabi mai ƙarfin ƙara girma, amma na karatu ne kawai, kuma sai an kawo takarda kusa da fuska, tazarar santimita 15. Ba ya taimakawa wajen gane mai tahowa daga nesa. Kafin a sa shi ana gwada mutum da tabarau mai ƙarfi a ga ko zai amfana. Likitan ya gwada Kawu nan take. Ya iya karanta manyan haruffa, ƙananan kuwa ko alama. Sai ya ce masa, "Baba, abin da wannan aikin zai ba ka, madubin hannu mai fitila zai ba ka kusan irinsa, kuma ba a yanka ka ba." Muka saya. Kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba.

Masana dai ba su zauna ba. A watan Oktoba na 2025 an buga sakamakon gwajin wata ƙaramar na'urar lantarki mai suna PRIMA, milimita biyu tsawo milimita biyu faɗi, wadda ake sakawa a ƙarƙashin ratina, a daidai wurin da ya mutu, tana aiki tare da tabarau mai kyamara. An dasa wa mutum 38 a ƙasashen Turai, kuma yawancin waɗanda aka bibiya har shekara guda sun iya karanta haruffa da lambobi da ita. Baƙi da fari take nunawa, kuma ita ma sai da horo na watanni. Mai yiwuwa 'ya'yanmu su tarar da abin ya zama ruwan dare. Amma wanda ya zo maka yau ya ce kawo kuɗi a mayar wa tsohonka da ido sabo fil, ka riƙe aljihunka da kyau.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya fi ci mini rai a cikin duk wannan binciken. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta na ƙasa a Nijeriya. An gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma abin ya fi tsanani a Arewa, musamman Arewa maso Gabas. Kashi 43 na wannan makantar yana ce ta jawo ta, sai hawan jinin ido da ke bi mata da kusan kashi 17. Kashi 84 na makantar gaba ɗaya irin wadda za a iya kauce mata ce ko a magance ta. To ka san wani abu? Aikin yana shi ne kusan kaɗai inda fitowar bandejin nan ta finafinai take zama gaskiya. A yi wa tsohuwa aiki yau, gobe a cire auduga ta ga jikokinta. Ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ana yi a asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, ana yi a asibitocin koyarwa. Amma shi ne mutanenmu ke gudu, su kai kansu wurin mai tura yana cikin ido da tsinke, abin da wancan binciken ya nuna ya yawaita ƙwarai kuma yana ƙarewa da mummunan gani. Wanda ke da magani a bakin ƙofa muna tsoron sa, wanda ba shi da shi kuma muna neman sayar da gona mu bi shi ƙetare. Wannan wace irin rayuwa ce?

Ga 'yan fim da marubuta kuma ina da ƙorafi. Makaho a finafinanmu iri ɗaya ne tal: baƙin tabarau, sanda, ɗan jagora, ƙoƙon bara, yana lalube da hannu yana kallon sama. Ko dai mutum yana gani sarai ko yana cikin duhu ƙirin, babu tsaka-tsaki. Alhali mafi yawan masu matsalar ido a tsakiyar suke. Wannan rashin sanin yana cutar da mutane. Kawu ya sha wuce abokansa na shekara arba'in a hanyar masallaci bai gaishe su ba, aka soma cewa girman kai ya shige shi. Ran nan kuma ya sunkuya ya tsinci murfin biro a gefen tabarma, sai wata daga cikin surukansa ta ce a bayan idonsa, "Ai ga shi nan yana gani, in ya ga dama." Maganar ta dawo kunnensa. Kwana biyu bai fito tsakar gida ba. Duk marubucin da ke neman labari mai taɓa zuciya, ga shi nan kyauta: mutumin da ke ganin komai ban da abin da yake kallo, kuma danginsa na zargin sa da ƙarya. Ba sai an haɗa da haɗarin mota ko asirin kishiya ba.

Masu kallon finafinan James Bond sun san Judi Dench, dattijuwar nan 'yar Ingila da ta fito a matsayin shugabar 'yan leƙen asiri tun daga GoldenEye na 1995 har zuwa Skyfall na 2012. A 2012 ɗin ne ta bayyana wa duniya cewa tana da wannan cuta, busasshiya a ido ɗaya, jiƙaƙƙiya a ɗayan, kuma mahaifiyarta ma ta yi fama da ita. Ta ce ba ta iya karanta takardar labarin fim, sai dai a karanta mata ta haddace. Duk da haka ta ci gaba da aiki, har aka sa ta cikin masu takarar Oscar saboda rawar da ta taka a Belfast na 2021, tana da shekara tamanin da 'yan kai. Mace ce mai kuɗi da suna, ga manyan likitocin Landan a kusa da ita, amma babu wanda ya kwance mata bandeji ta ce ta warke. Abin da ta samu shi ne mutanen da ke zama su karanta mata. Wannan kuwa ko a gidan talaka akwai shi.

Kafin ka rufe shafin nan, ina roƙon ka abu kaɗan. In akwai dattijo a gidanku, ka sa shi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya dubi wani abu mai miƙaƙƙen layi, ƙarfen taga ko gefen ƙofa ko layukan littafin lissafi, sannan ya sauya ido. A rufe ɗaya ɗin yana da muhimmanci, domin mai lafiyar yakan rufa wa maras lafiyar asiri har sai abu ya yi nisa. In ya ce layin ya lanƙwashe, ko wani yanki ya ɓace, to asibitin ido a cikin satin nan, kada a ce sai an yi albashi, don in jiƙaƙƙiyar ce kowane mako yana da tsada. Mai shan sigari ya sani ita ce babbar abin da ke ƙara haɗarin wannan cuta cikin abubuwan da mutum ke da iko a kansu. Mai ciwon suga kuma, ko da yaro ne, ya riƙa kai idonsa a duba bayansa duk shekara, domin suga ma yana kumbura makula, kuma wannan ya fi kusa da mu fiye da cutar tsofaffin Turawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gonar dai tana nan, bana ma gero aka shuka. Daga cikin abin da aka tara na tafiyar da ba a yi ba, aka saya wa Kawu babbar talabijin, yana zama dab da ita. An koya masa ya riƙa kallon gefen abu kaɗan maimakon tsakiyarsa, don hoton ya sauka a wuri mai lafiya, shi ya sa in kana magana da shi za ka ga kamar kunnenka yake kallo. Finafinan Indiya masu fassarar Hausa sun yi masa rana tunda babu karatun rubutun ƙasan allo, jarumai kuwa da murya yake gane su tun kafin mu masu ido mu gane. Littattafai kuma jikokinsa mata ke karanta masa bayan isha'i, babi ɗaya kullum, yana katse su yana gyara wa marubucin labari. Mun kuma koyi faɗin sunanmu in mun shigo, maimakon mu tsaya muna cewa, "Kawu, ka gane ni?"

Da ya ji zan yi wannan rubutun sai ya ba ni saƙo, ya ce lallai in isar. Ya ce, "Ka gaya wa daraktocin nan naku su daina tsayawa daga nesa suna nuna mana kujeru da labule. Su matso da kyamara kusa da fuskar mutum. Mu ma 'yan kallo ne." To daraktoci, kun dai ji. Allah ya kare mana ganinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.